Dawaki takwas a barga, kuɗi na fita ba ya dawowa: ina gyaran yake?

Wani mai barga a bayan garin Kano ya aiko da tambaya kamar haka: "Ina da dawaki takwas, ingarmu biyar da goɗiyoyi uku. Haya nake ba da su lokacin hawan sallah da hawan angwanci. Kuɗin dusa da gero ya fi abin da suke kawowa, bara na rasa ɗaya da ciwon ciki, ga maƙwabta sun fara ƙorafin wari da ƙuda. Yaya zan yi bargar ta riƙe kanta, dawakin su zauna lafiya, ni ma in zauna lafiya da unguwa?"

Alhaji, matsala uku ka lissafo, amma tushensu ɗaya ne. Doki yana ci kwana 365 a shekara. Aikin da yake kawo kuɗi kuwa, in dai hawan sallah da angwanci kaɗai ka dogara da su, da wuya ya cika kwana talatin. Sauran kwanakin yana tsaye a turke ana ɗura masa dusa da gero don ya yi kyan gani. Tsayuwar nan da ɗurin nan su suke cinye kuɗin, su suke kawo ciwon ciki, kashi da fitsarin da ke taruwa a ƙarƙashinsa kuma su ne abin da maƙwabta ke shaƙa. Saboda haka daga komin abinci za mu fara, kuma a nan za mu fi daɗewa.

Kafin komai ka san nauyin kowane doki, domin abinci da magani duk da nauyi ake auna su. Ba sai da sikeli ba, tef ɗin tela ya isa. A zagaya ƙirjin dokin daidai inda majayi ke zama, bayan ƙafafun gaba, a rubuta santimita nawa ne. Sai a auna tsawonsa daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin ɗuwawu. A ninka awon ƙirjin da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 11,880. Misali ƙirji 165, tsawo 150, zai ba ka kilo 344. Yawancin dawakinmu na gida tsakanin kilo 300 da 400 suke, na Ajantina da ake kawowa don wasan folo sun fi haka.

Doki mai kilo 350 yana bukatar busasshen abinci kimanin kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa a yini, wato kilo 7. A cikin kilo bakwai ɗin nan, aƙalla biyar zuwa biyar da rabi ciyawa ne ya kamata su kasance: ingirici kamar kilo uku da rabi, harawar wake ko ta gyaɗa kilo biyu. Hatsi ciko ne. Dokin da ba ya aiki, in harawarsa mai kyau ce, kilo ɗaya na hatsi ya ishe shi, wani ma ba ya bukata sam. Wanda ake kilisa da shi kullum zai iya kai wa kilo biyu ko biyu da rabi, a raba masa sau uku. A bargogi da yawa an juya lissafin, dusa da gero cike da kwano safe da yamma, ciyawa ɗan abin da aka samu.

Dalilin da ya sa wannan juyin yake kisa yana cikin halittar cikin dokin. Tumbinsa ƙarami ne, lita 8 zuwa 15 kacal yake ɗauka, kuma doki ba ya amai, abin da ya shiga ya shiga. Ainihin narkar da abincinsa a babban hanji ake yi, inda wasu ƙananan halittu suke dafa ciyawa sannu a hankali. In aka ba shi hatsi mai yawa lokaci guda, wanda ƙaramin hanji bai iya narkarwa ba sai ya gangara can, ya yi tsami, ya tara iska, ya kashe waɗancan halittun. Daga nan sai kumburin ciki, ko kuma gubar ta bi jini ta sauka a kofato. Za ka ga dokin ya miƙa ƙafafun gaba, ya jingina nauyinsa a baya, kofaton da zafi in ka taɓa, ya ƙi takawa. Wannan ciwon kofaton ba ya cika warkewa sarai. Don haka kada hatsin ci ɗaya ya wuce kilo ɗaya da rabi ga doki mai kilo 350, kilo ɗaya ma ya fi. Kwano da mudu sun bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, ka auna naka a sikeli sau ɗaya ka yi masa alama da fenti. Gero da dawa kuma ƙwayarsu ƙarama ce mai tauri, a ɓarza su ko a jiƙa na 'yan sa'o'i. In kana ganin kaji na tonon tsaba a kashin dokinka, to kuɗinka suke tsincewa. Amma jiƙon kada ya kwana lokacin zafi, ya fara tsami a zubar.

Ita dusa tana da nata aibin daban. Sinadarin fosfaras ya yi mata yawa, kalsiyam ya yi mata kaɗan, a dusar alkama ma bambancin ya kai kusan ninki goma. Jikin doki yana son kalsiyam ya fi yawa, kamar kashi biyu da ɗaya. In bai samu a abinci ba sai ya riƙa zarowa daga ƙashinsa. Bayan watanni sai ka ga ƙasusuwan fuska sun kumbura tsakanin ido da hanci, muƙamuƙi ya yi kauri, haƙora na girgiɗi, ɗingishi yau a wannan ƙafa gobe a waccan. Mutane kan ce sammu ne ko sanyi, a yi ta lalas a banza. Duƙusai da goɗiya mai shayarwa ya fi kamawa. Maganinsa yana nan kusa, harawar wake da ta gyaɗa cike suke da kalsiyam. In dole sai an ba da dusa da yawa, a barbaɗa garin dutsen kalsiyam irin wanda masu haɗa abincin dabbobi ke sayarwa, kamar giram 30 a yini.

Sai abubuwan da ba a kusantar da su ga doki ko da wasa. Abincin kaji da aka haɗa a kamfani, domin sau da yawa akwai maganin monensin a ciki, kaɗan daga cikinsa yana lalata zuciyar doki har ya kashe shi. Masarar da ta yi fumfuna, gubarta ƙwaƙwalwa take taɓawa, dokin ya riƙa zagaye yana dafa kai a bango. Ƙuli-ƙuli ko tunkuzar da ta ji danshi. Ɗanyen tohon dawa, musamman wanda ya sake fitowa bayan girbi ko wanda fari ya dame shi. Sannan leda da guntun igiyar buhu, waɗanda dokin gari yake haɗiyewa a bola su toshe masa hanji.

Akwai kuma yashi, kuma ina zargin shi ne ya kashe dawakin da ba a ƙirga ba a ƙasarmu. Ana zuba harawa a ƙasa, dokin yana tsintar ganyen da ya kakkaɓe yana haɗawa da rairayi, kullum kaɗan-kaɗan, har ya taru a hanji ya yi nauyi. Gwajinsa ba wuya. Ɗauki dunƙule biyar ko shida na sabon kashin da bai taɓa ƙasa ba, zuba a farar leda, cika da ruwa, dama shi sosai, ka rataye da kusurwa ɗaya a ƙasa. Bayan kwata ɗin awa ka taɓa kusurwar. In ka ji yashi ya kwanta ya fi cokalin shayi, akwai aiki. Rashin ganinsa a gwaji ɗaya ba ya wanke dokin, a maimaita kwanaki daban-daban. Rigakafin shi ne komi, ko rabin durom da aka goge bakinsa, da shimfiɗar roba ko siminti a ƙarƙashi. Komin nan zai rage maka ɓarnar harawa ma, domin wadda aka tattake aka yi wa fitsari ba ta ciwuwa.

Ruwa kuwa lita 30 zuwa 40 a yini ga kowane doki, da bazara in ya yi aiki zai sha 60 ko fiye. Al'adar shayarwa sau biyu a yini ita ce abokiyar busasshiyar harawa wajen ƙulle ciki. Ruwa ya zauna a gabansa dare da rana, a inuwa, a wanke mazubin kullum. Da hunturu ma a sa ido, domin sanyi yana rage musu sha alhali abincin a bushe yake ƙayau. Gishiri cokali biyu na cin abinci a yini, a ƙara in ya yi gumi. Kanwa da aka saba bayarwa ba ta maye gurbin gishiri, kuma yawanta yana kawo zawo. Kowane sauyin abinci, har shiga ɗanyar ciyawar farkon damina, a yi shi a hankali cikin kwana bakwai zuwa goma.

Yanzu ga inda kuɗin yake. Dawaki takwas, kilo biyar da rabi kowanne, kilo 44 ke nan na ciyawa a yini. Daga Nuwamba zuwa farkon Yuni kwana 210 ne a ƙalla, ka ga tan tara da ɗoriya, in ka sa rarar ɓarna tan goma. Wanda yake sayen wannan dami-dami a watan Afrilu da Mayu ba zai taɓa ganin riba ba, kowa ya san yadda kuɗin harawa ke tashi kafin ruwa ya sauka. Da kaka ake saye, Oktoba da Nuwamba, a gona in da hali. A zaɓi wadda aka yanka ganyenta na kore, domin amfanin a ganyen yake, karan banza ne. A jera a kan katako ko duwatsu, taƙi ɗaya ko biyu sama da ƙasa saboda gara da danshi, a ƙarƙashin rufi, iska na ratsawa. Damin da ka buɗe ya tashi da farar ƙura ko warin rima, ba na doki ba ne. In kana da fili, kadada ɗaya ta waken harawa ko lablab (wani irin wake ne na kiwo), da gamba a gefen gona, za ta rage maka kaya sosai. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta daɗe tana aikin irin ciyawar kiwo, ana iya neman shawara da iri a can. In ba ka da fili, kana da abin da manomi yake so fiye da kuɗi, wato taki. Ku yi yarjejeniya tun kafin damina, kai ka ba shi taki, shi ya ba ka harawa da kaka.

Wannan ya kawo mu ga ƙorafin maƙwabta. Doki ɗaya irin naka yana zubar da kashi kilo 10 zuwa 12 a yini, ban da fitsari. Takwas sun kusa kilo 90, a shekara kimanin tan talatin. Ƙuda kuma daga ƙwai zuwa mai fiffike mako ɗaya ne zuwa kwana goma lokacin zafi, a cikin danshin kashin nan yake ƙyanƙyashewa. Tsibin da aka bari a kusurwar barga har wata biyu gidan ƙuda ne. Ƙudan ba maƙwabta kaɗai yake damu ba, shi yake kai tsutsa cikin ƙaramin rauni ya mai da shi gyambon da ya ƙi warkewa duk damina.

A kwashe kashi safe da yamma. A gina rumbu uku jere da bulo, kowanne faɗin mita biyu, a wurin da ruwa ba ya kwanciya, nesa da rijiya ko burtsatse da aƙalla mita 30, kuma ta ƙasan gangare. A cika na farko da kashi da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa da ragowar ciyawa har tsayin mita ɗaya ko ɗaya da rabi. Abin da ke hana takin doki nuna a wajenmu bushewa ce, iskar hunturu tana mai da shi kamar gawayi ya shekara bai ruɓe ba. A yayyafa ruwa, ko da na wankin dawakin ne, har in ka matsa a hannu ɗigo ɗaya ko biyu ya fito. A rufe da tamfol ko tsohuwar zana. Cikin kwana uku zuwa biyar cikinsa zai ɗau zafi, digiri 55 zuwa 65 ake so, domin shi ke kashe ƙwan tsutsar ciki da irin ciyawa da 'ya'yan ƙuda. In babu ma'auni, soka rodi ka bar shi minti goma, ka zaro, in ba ka iya riƙe shi a tafin hannu to ya yi. A juya zuwa rumbu na biyu bayan mako biyu, sannan na uku. Cikin wata biyu zuwa uku zai koma baƙi, ya yi laushi, ya riƙa ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari, girmansa ya ragu da kusan rabi. Masu lambun Kura da Kadawa, masu noman fadama da masu sayar da dashen itatuwa a bakin titi duk masu saye ne, kuma na buhu ya fi na tifa kuɗi. Kada a ƙona shi, kada a tura shi kwata.

Warin kuwa yawancinsa na fitsari ne. Ka shiga ɗakin dokin da asuba kafin a share, ka tsuguna har fuskarka ta kai inda hancinsa yake in ya kwanta. In idonka ya yi yaji, to abin da ya kwana yana shaƙa ke nan, kuma daga nan tarin da ba a san dalilinsa ba yake farawa. Ƙasan ɗaki a daɓe shi da marmara, a ɗaga shi sama da tsakar barga, a ba shi gangare santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita zuwa wata 'yar magudana mai ƙarewa a ramin tsakuwa. A shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko ɓawon katako na masu aikin kafinta, a kwashe inda ya jiƙe kullum. Tsayuwa cikin danshi ita ke ruɓar da tsakiyar kofato, ya yi baƙin ruwa mai ɗoyi. A sa indararo a rufin kwano, ruwan ya tafi tanki. Kowace milimita ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, rufi mai murabba'in mita ɗari a shekarar da aka samu milimita 800 zai zubo da lita dubu tamanin. Ba za ka iya tare duka ba, amma ko tanki biyu ka cika ka rage sayen ruwa, ka kuma hana bargar zama taɓo.

Turke da dabaibayi al'ada ce da ƙarancin fili ya sa ta dawwama, amma doki dabba ce da aka halitta tana tafiya tana kiwo mafi yawan yini. In da hali, ɗaki mita uku da rabi kowane gefe, rufinsa sama da mita uku, bangon rabi don iska ta wuce su kuma ga juna. In turken ne dole, a ɗaure da ragama maimakon ƙafa, in kuma ƙafar ce a naɗe igiyar da tsumma mai laushi a riƙa sauyawa. Kowane doki ya samu aƙalla awa ɗaya a sake ko a kilisa kullum. A dasa darbejiya ta yamma da barga, a kare gindinta kada su ɓare ta.

Babbar ɓarna tana faruwa ne a makon sallah. Dokin da ya wata uku a tsaye yana cin hatsi, ran nan a ɗora masa sirdi da kayan ado da ƙato, a yini a rana, gobe Hawan Daushe, jibi Nasarawa. Wani tun a hanya cinyoyinsa za su sandare, gumi ya karyo, fitsarinsa ya fito baƙi kamar shayin da ba madara. Naman jikinsa ne ke narkewa, kuma in aka tilasta masa tafiya ƙoda ce za ta biya. A tsayar da shi inda yake, a ba shi ruwa, a kira likita. Rigakafin shi ne a fara shiri mako shida zuwa takwas kafin hawa, tafiya rabin awa, a riƙa ƙarawa, sannan sassarfa, kuma ranar da ba a fita ba a rage hatsi da rabi. Awon da aka fi yarda da shi na kaya shi ne kashi ɗaya cikin biyar na nauyin dokin, wato kilo 70 ga mai 350, har da sirdi. Na san kayan hawa sukan wuce haka, to sai a rage tsawon lokacin, a ba manyan mutane manyan dawaki. In an sauka a kwance majayi, a yi ta kwara masa ruwa a wuya da ƙirji da tsakanin cinyoyi har jikin ya huce, a bar shi ya sha. A duba baya da gefen baki. Zubka mai datti ko sirdin da ya zauna a kan ƙashin doro shi ke kawo miki, mikin baya kuma yana ajiye doki wata guda ba haya. Linzaminmu mai zobe yana da kaifi, a hannun wanda bai iya ba yana tsaga harshe.

Ɗan barga ya san awo uku: zafin jiki digiri 37.5 zuwa 38.5, bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti, numfashi 8 zuwa 16. Doki ya ƙi ci, yana tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana kwanciya yana tashi, to a ɗauke abinci, a ɗan zagaya da shi, a kira likita. In bugun ya haura 60 abin ya yi tsanani. Kada a ɗaga kansa a ɗura masa mai ko jiƙo, sau da yawa huhu yake tafiya, dokin ya tsira daga ciwon ciki ya mutu da ciwon huhu. Maganin kaska na shanu mai amitraz guba ne ga doki, yana tsayar masa da hanji. Allurar dexamethasone da wasu ke yi don doki ya yi sheƙi tana iya jawo ciwon kofaton nan da na ambata. Maganin tsutsa a ba da na baki daidai nauyi, gara kuma a kai kashi asibitin dabbobi a duba kafin a saya, domin bayarwa barkatai ita ta sa tsutsar ta daina jin magani. Kofato a gyara duk mako shida zuwa takwas, haƙora a duba sau ɗaya a shekara.

Rigakafi biyu ba a wasa da su. Na ciwon sarƙewar haƙora, wanda likitoci ke kira tetanus, domin doki ya fi yawancin dabbobi saurin kamuwa, ƙusa ɗaya a kofato ta isa. Sai na annobar dawakin Afirka, wadda wasu mitsi-mitsin ƙwari masu cizo daga magariba zuwa hantsi suke yaɗawa, ta fi tashi a ƙarshen damina. Alamarta zazzaɓi, kumburin ramin saman ido, wahalar numfashi, kumfa ta hanci. Dawakin da aka shigo da su daga waje ta fi yi wa kisa. A yi allurar kafin damina, a shigar da su ɗaki kafin faɗuwar rana, fanka ma tana korar ƙwarin domin ba su da ƙarfin tashi. Sabon doki daga Maigatari ko wata kasuwa a ware shi mako uku, da bokitinsa daban. Murar dawaki da ta ratsa Sakkwato da Nijar daga ƙarshen 2018 zuwa 2019 ta hallaka jakuna masu yawa, kuma ana zargin zirga-zirgar dabbobi ce ta yaɗa ta.

To, komawa ga aljihu. Ka buɗe littafi, kowane doki da shafinsa: abin da ya ci, magani, rabonsa na albashin yara, da kowace fita da abin da ta kawo. Lissafin mai sauƙi ne. Dokin da ya fita sau 25 a shekara, kowace fita sai ta biya cin kwana goma sha biyar kafin a fara maganar riba. In kuɗin hayarka bai kai haka ba, kai kake biya wa mahayin. Kuma hawan sallah ba abin jingina ba ne duk da darajarsa, ko da yake UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan Kano cikin al'adun duniya a 2024. An soke shi a 2020 saboda korona, 'yan sanda sun hana shi a Kano a 2024 da 2025, kilisa a titunan birni ma akan hana ta lokaci-lokaci.

Kuɗin da ya fi tabbas shi ne na ajiyar dokin wani. Akwai masu sarauta da 'yan kasuwa da matasa da suke da doki ba su da wuri ko lokaci. Ɗakin da dokinka yake ci a cikinsa, in na wani ne a ciki, wata-wata zai riƙa biya. A rubuta yarjejeniya: abin da kuɗin ya ƙunsa, wa ke biyan likita, izinin kiran likita ba tare da jira ba, da abin da za a yi in an wata biyu ba a biya ba. Bayan wannan sai koyar da hawa ga yara ranakun Asabar da Lahadi, wanda ke bukatar doki mai sanyin hali. A nan ingarmu biyar sun yi maka yawa. Na san Bahaushe yana ganin hawan dandaƙaƙƙen doki kamar raini ne, amma shi ne wanda za ka sake tare da wasu ba faɗa, ka ɗora yaro a kai hankalinka kwance. In za a yi, likita ya yi, bayan rigakafin tetanus, da sanyin hunturu lokacin da ƙuda ya ragu. Haya kuma kada doki ya fita sai da yaronka a biye, da iyakar sa'o'i, da kuɗin ajiya, ba sukuwa a kan kwalta. Shi yaron a biya shi da kyau a kan kari, a kuma auna abinci daga sito da makulli, in ba haka ba rabin geron zai koma kasuwa.

Kiwo don sayarwa yana da daɗin faɗa. Goɗiya tana ɗaukar ciki kimanin kwana 340, duƙushi ba ya ɗaukar aikin kirki sai ya shekara uku zuwa huɗu, ka ga kusan shekara biyar kana ciyarwa kafin ka ga kuɗi. In uwa da uba ba fitattu ba ne, abin da za ka sayar bai kai abin da ya ci ba. Kasuwar da ke biya da kyau ita ce ta masu folo a Kaduna da Katsina da Kano da masu sukuwa, su kuwa gudu da horo suke saye, ba launi ba. Cikin goɗiyoyinka uku ka zaɓi mafi kyau ɗaya ka nema mata ingarman da ya fi naka. Karɓar kuɗin barbara kuma ka tambayi malami tukuna, domin akwai hadisin da ya hana, ko da yake malaman Malikiyya sun halatta hayar namijin in an ƙayyade kwanaki ko adadin hawa.

A ganina littafin nan zai nuna maka biyu ko uku da ba sa biyan ko rabin cinsu, kuma su ya kamata su tafi, ɗakunansu su koma na ajiya. Kada ka kai su kasuwa bayan sallah ko tsakiyar bazara, lokacin da kowa ke neman rage baki. Ka gyara musu kofato, ka warkar da duk wani miki, ka fitar da su mako huɗu zuwa shida kafin sallah, sa'ad da masu hawa ke yawon nema.